Yajin Jego a Cikin Kamyon Gyaɗa

Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Daga Urafane har Gidan Amumune, a je a tambaya: ba wanda ya taɓa jin sunan ɗiyata ta fari a bakina. "Waccan" nake ce mata. Haka uwata ta yi mini, ni ma haka na yi, kuma an yaba.

Shekarun da Nasara suka sauka daga mulki, gyaɗa tana tashe, waccan ta dawo gidana goyon cikin fari. Na daka mata yajin jego da hannuna, barkono da masoro da citta da kimba, na tankaɗe sau uku, na ƙulle a farin ƙyalle. Naƙuda ta zo ta ƙi ci gaba. Kwana biyu tana durƙushe, an sha rubutu, an yi turare, shiru. A na uku ungozoma ta ja ni bayan rumbu ta ce a kai ta gidan likita a Tasawa.

Mota a lokacin sai kamyon gyaɗa. Aka kwantar da ita bisa buhuna, ni aka ba ni gaba, da gorar ruwa da ƙullin yajina. Shofer mai tuƙin, wani dattijo mai jan haƙorin goro, ya tambaye ni ko jikin ya yi tsanani. Ga maza cike da wurin awon gyaɗa suna saurare. Na ce da sauƙi.

Kafin rana ta take, muna tsakiyar rairayi, sai farin tururi ya taso daga hancin motar. Ya sauka ya buɗe, ya ce radiyata ce ta huje, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Ya liƙa sabulu, ya zuba ruwan bidonsa, wato jarkarsa, sabulun ya narke, ruwan ya bi ƙasa. Ya murje taba ya zuba, ya ƙara ruwa, ƙasa ta sake shanyewa. Sai ya shimfiɗa buzu a inuwar mota ya ce mu jira wani kamyon, ko yau ko gobe. Me zai yi wa gaggawa? Ni na ce masa da sauƙi.

Muka zauna har inuwa ta juya. Yana ɓare goro yake ba ni labari, wai da akwai dakakken barkono da an tashi, don shi ke bin ruwa ya je ya kumbura a bakin huji ya toshe shi. Na kwance ƙullina na miƙa. Ya shinshina ya dube ni.

"Inna, wannan ai na mai jego ne."

"Zuba," na ce.

Saura ruwa, bidonsa kuwa ya ƙafe. Ya dubi gorata. Daidai nan na ji murya daga bisa buhuna, ƙasa-ƙasa: "Inna, ruwa." Shi bai ji ba. Kurɓi guda ba zai hana mota tashi ba, na sani. Amma in tattare zane in hau lodi, in tallabi kan 'yar fari gaban namiji baƙo? Na miƙa masa gorar, ya juye ta duka.

Ɗigon ya rage, ya rage, ya tsaya. Muka kama hanya motar na ƙamshin ɗakin mai jego. Da la'asar muka shiga Tasawa. An ciro ɗan babu rai, namiji, ita ma ta bi shi kafin magariba. Da na rufe mata baki, leɓen duk ya tsattsage.

Wurin zaman makoki ban yi hawaye ba. Mata suka yi ta nuna ni ga 'ya'yansu, wai su yi koyi.

Kaka ta zagayo, na gamu da shofer a kasuwar Urafane. Ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya, ya ce radiyatar ba ta sake ɗiga ba har aka gama kwasar gyaɗa. Sai ya sunkuyar da kai.

"Inna, da kin ce mini tana mutuwa, wallahi da ban shimfiɗa buzu ba. Da na kora motar haka nan, inji ya ƙone in ya ga dama."

Na ce masa yajina ne, dole ya riƙe. Na ɗauki ƙwaryata na wuce.

Na aurar da 'ya'ya mata huɗu bayanta, duk sun haihu a ɗakina. Yajinsu saye na yi.