Takalmin Komawa Gida

Rubuta, jikata, kada ki rage komai.

Mai gadin asibiti ne ya fara ba ni labarinsa. Ya ce, "Baba, mai gyaran takalman nan na bakin ƙofarmu, matarsa tana ciki. An yi mata aiki ta warke, amma ba sallama sai ya biya. Ba shi da inshorar lafiya, ga kuɗin gado kullum ƙaruwa yake."

Ashe shi ya sa ya ɗauke akwatinsa daga bakin kasuwa, inda ya shekara talatin, ya dawo nan. Abin da ya samu a yini, da yamma sai ya miƙa wa mai karɓar kuɗi. Na sha zama kusa da shi. In ta leƙo ta taga, sai ya ɗaga murya: "Tsohuwa, ke kina bene kamar matar attajiri, ni ina ƙasa!" Ita ko ta yi ta dariya.

Tun lokacin yana tari. Na ce ya shiga a duba shi, ga likita a bayansa. Ya ce, "Takardar biya ɗaya ta ishi gida ɗaya."

Wata uku yana haka. Ranar da ya cika kuɗin, ya ɗauko tsohon takalminta yana gyarawa, ta sa su tafi gida. Ya gama ƙafa ɗaya. Can aka tarar da shi jingine da bango, rai ya yi halinsa. Basilla tana soke a ɗaya ƙafar, bai kai mata ba.