Kafur a Akwatin Kayansa

Mijina gyaran firij yake yi, a wani ɗan shago a Sabon Tasha, mu kuma a unguwar Romi muke zaune. Cikin yaranmu, autar ce ta gado shi wajen son sanin dalilin abu. Tun tana ƙarama take damun sa da tambaya. Me ya sa bayan firij yake da zafi alhali cikinsa sanyi? Me ya sa mai yake tsalle in ruwa ya ɗiga a kasko?

Ba ya ba ta amsa kai tsaye. Sai ya ce, "Kawo mu gwada." Ranar da ta tambayi abin da ya sa kwalbar lemo mai sanyi take gumi, cewa ya yi ta lashi gumin. Ta lasa, ta ce babu zaƙi.

"To ashe ba daga ciki ya fito ba. Me ke taɓa kwalbar ta waje?"

Ta yi ta tunani, can ta ce, "Iska."

In na ce su tashi mini daga kicin, sai ya ce, "Maman yara, muna cikin aji, a rage surutu."

Da damina ya rasu, bayan gajeriyar rashin lafiya. Muka kai shi ƙauye muka binne, muka dawo. Auta tana cin abinci, tana zuwa makaranta, tana gaida mutane. Tambaya ce kawai ta daina. Matan zumunta na cocinmu suka ce in ƙyale ta, zai wuce. Ni dai shirun nan ya fi komai ba ni tsoro, don ban san yarinyar da zan samu a bayansa ba.

A wurinmu ba a raba kayan mamaci sai 'yan'uwansa sun taru, kuma an sa taron lokacin Kirsimeti. Na wanke tufafinsa, na goge, na jera a akwatin ƙarfe, na zuba kafur saboda kyankyaso. Hularsa ta zuwa shago ce kaɗai ban iya wankewa ba. Haka na ɗora ta a sama.

Bayan ruwa ya ɗauke na buɗe akwatin don kayan su sha iska. Auta tana tsaye a bakin ƙofa. Ta shigo, ta tsinci kafur ɗaya. Da na zuba su sun kusa kai goro, yanzu sun koma kamar gyaɗa.

"Mama, wa ya cinye su?"

"Babu abin da yake cin kafur."

"To ina suka je? Ba su narke ba, ga rigar a bushe."

Ban sani ba. A aji uku na sakandare na tsaya. Saura kaɗan in ce ta tambayi malaminsu, sai na ga yadda take kallon bakina. Na san in na tura ta wani wuri ba za ta sake tambaya ba. Na ce, "Kawo mu gwada."

Muka sayo sababbi guda biyu. Ɗaya muka sa a kwalba muka murɗe murfin sosai, ɗaya muka bari a faranti a kan taga. Kullum in ta dawo makaranta can take fara zuwa, ko takalmi ba ta cirewa. Na farantin ya yi ta ƙanƙancewa, ɗakin kuma ya cika da ƙamshinsa. Na kwalbar bai ragu sosai ba, sai ɗan farin abu da ya kama jikin gilashin ta ciki.

Ita ta gano. Ta ce, "Ƙamshin nan da muke ji, shi ne kafur ɗin. Tashi yake yi kaɗan-kaɗan yana shiga iska. Na kwalba ya rasa hanyar fita."

Na ce haka nake gani ni ma.

Ana gobe za mu tafi ƙauye ta ɗauko hular daga akwatin ta shinshina. Kafur ya kama ta, amma a ciki, wajen da take taɓa goshi, har yanzu akwai man da yake shafawa da warin shago. Ta wanke wata roba mai murfi, ta shanya ta bushe, ta sa hular a ciki.

"In an rufe, ba zai tafi ba?"

"Zai daɗe. Ban san iyakarsa ba."

"To mu gwada."

A ƙauye na gaya wa yayan mijina cewa hula ɗaya ba ta cikin akwatin, tana wurin auta. Ya ce a bar mata.

A hanyar dawowa, cikin bas, ta taɓa ni ta ce me ya sa itatuwan bakin titi suke gudu, duwatsun nesa kuma suke bin mu a hankali. Wannan ma ban sani ba. Na ce ta riƙe tambayar har mu isa gida.