Ƙara ta Huɗu

Faɗan da Goggo ta taɓa yi da maƙwabciyarta, matar mai gyaran firij, a kan rabin kitso ne. Matar ta zaunar da tsohuwa a baranda, ta tsefe mata kai, ta kama gefe ɗaya, sai wayar gida ta yi ƙara daga falo. Ta saki gashi ta zura a guje, mataji a hannu. Goggo ta yi ta zama da kai kamar kazar da aka fara figa aka fasa.

"Ke 'yar nan, da wayar aka ɗaura miki aure ko da mijin?"

"Yi haƙuri Goggo, mai nama ne, firij ɗinsa ya tsaya."

"To je ki ƙarasa wa mai nama kitson."

An daɗe kafin Goggo ta sake amsa gaisuwarta. Amma ko ita ta san ba halin matar ba ne. Mijin gwani ne a aikinsa, sai dai ƙugin injina ya cinye masa kunne, bakinsa kuma bai iya lallashin mai ciniki ba. Tun tana amarya ya nuna mata kujera kusa da wayar ya ce, "Ke ce ofis." Lambar gidan ce manne a jikin duk firij ɗin da ya taɓa kwancewa. Ita ke ɗauka, ta ba mai kuka haƙuri, ta ji kwatance, ta isar wa maigida. A kujerar nan ta shayar da 'ya'yanta, a kanta ta yi furfura. Akwai na'urar ɗaukar saƙo a gefe, mai muryar maigida, tana amsawa a ƙara ta huɗu. Amma shi ya ce wanda kayansa ke narkewa ba ya hira da inji, wani mai gyaran yake nema. Don haka ko daga banɗaki, ko daga bakin murhu, tsere take da ƙara ta huɗu.

Ana nan sai yayarta ta kwanta a asibiti, yayar da ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ciwon ba na tashi ba ne, kowa ya gani a fuskar likita. Yaya kuwa ba ta kiran sunan kowa sai na ƙanwarta.

Babbar 'yar gidan ce ta kawo dabara. Ta saya mata wayar hannu, ta danna nan ta danna can. "Mama, an gama. Duk kiran da ba a ɗauka a gida ba, zai biyo ki."

Ranar farko matar nan ta wuni a gefen gado, ta shafa wa yaya mai a ƙafa, suka yi ta gulmar matattu da rayayyu. Wayar ko tari ba ta yi ba. Ta dawo gida da murmushi, ta tarar da jar fitilar na'ura tana ƙyaf-ƙyaf, maigida tsaye a kanta. Ashe a ƙara ta biyar ne kiran ke tsallakawa wayar hannu. Kafin kiran ya sa takalmi ya fito, na'ura ta riga ta tare shi a ƙofa.

"Baba, a kashe na'urar nan mana," in ji 'yar.

"A kashe muryata a gidana? Da raina?"

Sai 'yar ta sauya, kira ya riƙa wucewa kai tsaye ba tare da ya leƙa gida ba. Abin da ba wanda ya lura, ɗakin yaya can ciki yake, bango mai kauri, sabis ba ya shiga. Wayar hannu kuma tana da nata akwatin saƙon, da wata mata mai sanyin murya da ke karɓe baƙi ta ɓoye, ba wanda ya nuna wa matar gidan yadda ake buɗe shi. Maigida ya duba na'ura, ba fitila, ya ce kasuwa ce ta yi sanyi. Ita ta duba wayarta, shiru, ta gode wa Allah. Sai da mai kantin magani ya tare maigida a titi ya wanke shi tas: ya bar saƙo har ya gaji, magungunan firij sun lalace, ya koma wajen wani.

Maigida bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dai zauna gaban abinci bai taɓa ba, ya ce, "Ni ban hana ki zuwa ba. Amma da wannan wayar muke ci."

Ita ma ta san haka ne. Washegari ta bi asibitin lungu-lungu, waya a sama kamar mai neman wata, har ta gano inda sabis ke kamawa: wata taga a tsakiyar matakala, kusa da bokitin masu shara. Nan ta mayar ofis. Ta leƙa ɗaki ta gyara wa yaya matashi, ta ba ta ruwa, zuciyarta na ƙirga ƙarar da ba ta ji, sai ta zame ta koma taga.

Rannan yaya ta riƙe mata gefen zane, muryarta da ƙyar take fita. "Ƙanwata, kin iso ne, ko har yanzu kina hanya?"

A tagar nan ne Goggo ta same ta ranar da ta zo dubiya, tana hawa tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene. Ta tsaya tana haki, ta dubi idon matar da ya yi ja, ta dubi ƙofar ɗakin can ƙarshen baranda. Ba su gama gaisawa ba wayar ta ɗauki ƙara. Yatsan matar ya tafi da kansa. Goggo ta damƙe mata wuyan hannu, da ƙarfin da ba a zata a jikin tsohuwa ba.

"Bar ta ta yi kukanta. Firij in ya mutu mijinki na tayar da shi. Wadda ke kwance a ɗakin can, wa kika sani da zai tayar miki da ita?"