Ranar da Tsofaffin Sojoji Suka Yanke wa Babana Ciyawa

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙasar nan kowa yana ɗinka sabuwar riga, ni ina koyarwa a wata firamare a Keffi, ina zaune gidanmu a unguwar Liman Abaji. Mahaifina tsohon soja ne, kofur, ya je yaƙin Turawa ya dawo da lambobi biyu da ɗingishi a ƙafar hagu. Fanshonsa ne ke ciyar da gidanmu, don albashina ko ni kaɗai bai riƙe ba. Mutumin kirki ne, amma zuciya, wayyo Allah! Ni ma a wurinsa na gada, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wata safiya duba-gari ya shigo mana. Ga waɗanda ba su riske su ba, ma'aikatan tsafta ne masu bi gida-gida suna leƙa randa da masai. Ya leƙa randar mahaifiyata ya ce ya ga tsutsar sauro. Maimakon ya ce a zubar da ruwan, sai ya sa ƙafa ya ture ta, ta fashe. Randar aurenta ce fa! Baba ya taso daga kan buzunsa, ya ci kwalar mutumin ya ja shi har zaure, ya haɗa masa da mari ɗaya na rakiya.

Alƙali ya ce ko tara ko wata guda a gidan yari. 'Yan uwa suka ce za su haɗa tarar nan take, Baba ya ce wallahi kobonsa ba zai shiga can ba sai an fara biyan randa. Babu irin roƙon da ba a yi masa ba. Da za a wuce da shi ya juyo ya ce wa mahaifiyata, "In abokaina sun tambaya, ki ce na tafi Akwanga ganin dangi." Tsofaffin sojoji 'yan uwansa yake nufi. Su kaɗai yake jin kunya a duniya.

Ni nake kai masa abinci kullum da la'asar. A bakin ƙofa gandiroba zai ce in fara ɗanɗanawa, kada a ce an sa wani abu, in na ɗanɗana shi ma sai ya ɗanɗana, kuma ko yaushe hannunsa a kan tsokar nama yake faɗawa. Ciki kuwa ba a magana. Tabarma ɗaya mutum biyu, bokiti guda a lungu, miyarsu kana hango ƙasan kwano. Na ga wuyan Baba duk tabon kuɗin cizo na fashe da kuka, shi kuwa ya ce in rufe masa baki, a daji ya kwana da abin da ya fi wannan.

Ana cikin haka mai shela ya zaga gari: jami'an fansho za su zo daga Jos ranar Laraba, kowane tsohon soja ya je da ƙafarsa a gan shi ya dangwala yatsa. Wanda bai je ba za a ɗauka ya mutu, a soke sunansa, kuma kowa ya san maido suna sai an yi shekaru ana sintirin Jos. Na lissafa, ranar Larabar nan saura wa Baba kwana tara ya fito. Tirƙashi!

Da yake ni 'yar boko ce, na zauna na zuba wasiƙa shafi uku da Turancin da ni kaina sai da na duba ƙamus, na kai ofis. Har yau ina jiran amsa. Na je wurin babban gandiroba, wani dattijo mai Hausa a karkace amma mai sauƙin kai, ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Ba ni da ikon sakin fursuna ko na minti ɗaya."

Na fito ina tafe ina sharar hawaye da gyale. Ina isa Gangaren Tudu sai ga fursunoni a bakin hanya suna yankan ciyawa da langalanga, gandiroba na tsaye a inuwa. Na wuce su, sai na tsaya cak. Jama'a, na juya da gudu! Malama guda, takalmi a hannu, gyale na tashi sama, 'yan ajina na kallona. Na faɗa ofishin babban gandiroba ina haki na ce, "Oga, filin da za a tara tsofaffin sojoji ranar Laraba, ka ga ciyawarsa kuwa? Har gwiwa! Ga baƙi daga Jos, ai abin kunya ne."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke Malama, Allah ya shirye ki. Ciyawa kam aikinmu ne. Amma ba ma fita da tsofaffi."

Na ce, "Wannan tsohon ya fi samarinka ƙarfi, ka tambayi duba-gari."

Ya yarda, da sharaɗi ɗaya: kowane fursuna da kasonsa na fili, kuma Baba ba zai matsa ko taku ɗaya ba sai kasonsa ya ƙare. Na koma gida kamar in tashi sama don murna. Ban gaya wa Baba komai ba, wai zan ba shi mamaki. Nan ne wayona ya tsaya.

Ranar Laraba tun hantsi ina wurin, littafin fanshonsa da lambobinsa a jakata. Tsofaffin sojoji sun cika gindin mangwaro, kowa ya sha farar babbar riga ya jera lambobi a ƙirji. Can sai ga layin fursunoni. Ga Baba a tsakiya, gajeren wando da 'yar taguwar gidan yari, langalanga a kafaɗa, yana ɗingishi. Ya ɗaga kai ya ga abokansa, ya juyo ya gan ni, ya gane komai. Kallon da ya yi mini har gobe ban manta ba. Ya juya musu baya ya sunkuya ya kama yankan ciyawa.

Ni fansho kawai na hango, ban hango fuskarsa ba. Na matsa na ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Bai ɗago ba ya ce, "Tafi ki ba ni wuri. Gara su soke sunan."

Ga akawu ya fara kiran suna, an ce da azahar za su rufe littafi su wuce. Ga kason Baba ko kwata bai ci ba. Sai wani saje, amininsa da suka je yaƙi tare, ya miƙe daga gindin mangwaro ya tako har cikin ciyawar, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kofur! Yaushe ka dawo daga Akwanga?"

Wurin ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Saje ya ce, "Kai tsohon banza, tun ranar da ka yi marin muka sani. Da mu ne ma biyu za mu yi masa." Ya tuɓe babbar rigarsa ya zura wa Baba, ya fizge langalangar. Gandiroban da ke gadi ya ce a'a, a'a, doka ta ce sai kaso ya ƙare. Saje ya ce, "To ai ƙarewa zai yi, ɗana. Matsa."

Ya daka tsawa irin ta bariki, sai ga tsofaffi shida sun taso, suka ari langalangar samarin fursunoni, suka naɗe hannun riga suka jeru. Kai, ban taɓa ganin abu irin wannan ba! Masu furfura, wani ba haƙora, wani ido ɗaya, lambobi na kaɗawa a ƙirji, suna waƙar maci suna sara a tare, ciyawa na zubewa. Masu tallar gyaɗa suka ajiye faranti, fursunoni na tafi, ni kuwa na manta ni malama ce na rangaɗa guɗa har sau uku. Kafin akawu ya kai sunan Baba fili ya yi fes.

Na maƙala masa lambobinsa. Ya taka har gaban tebur ya ƙame ya sara. Jami'in ya dubi babbar riga, ya dubi ƙafafu ba takalmi, ya dubi gandiroban da ke tsaye a bayansa, ya ce, "Kofur, daga ina?" An kuwa sha gaya mana wanda aka ɗaure ba shi da rabo a wurin gwamnati.

Baba ya ce, "Daga gidan yari, ranka ya daɗe. Na mari wanda ya fasa randar matata. Saura kwana tara."

Jami'in ya ciji leɓe don kada ya yi dariya, sannan ya turo masa tawada. "Ni an aiko ni in ga ko kana raye. Na gani. Sa yatsa."

Baba ya dangwala, ya tuɓe rigar ya ninke ya miƙa wa Saje, ya koma layinsa kai a sama. Ni dai kwana taran nan bai yi mini magana ba, amma kwanon kullum a suɗe yake dawowa.

Ranar da ya fito ya biya kasuwa ya sayo abu biyu, sabuwar randa da langalanga. Bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba, mun san halinmu. Amma tun daga ranar na daina yi wa mutum alheri ba tare da na fara tunanin inda kunyarsa take ba. Na yi sa'a ne kawai akwai masu rufa masa asiri a gindin mangwaron nan.

Langalangar kuwa sai daga baya muka gane amfaninta. Duk wanda ya rasu cikin tsofaffin nan bakwai, Baba ne ke zuwa maƙabarta duk damina ya share ciyawar kabarinsa. Ya fara da ɗaya, ya koma uku, har suka cika bakwai, na Saje ne na ƙarshe. Yana ɗingishi yana zuwa, ba ya yarda kowa ya taya shi. Na taɓa ce masa ya bari a sa yara su yi, ya harare ni ya ce, "Kasona ne, bai ƙare ba."