Keken Kawu Sanarwa

Kawu Sanarwa kowa ke ce masa, har matarsa. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana karanta sanarwar rasuwa a ƙaramin gidan rediyon garinmu, ɗaki biyu a bayan ofishin ƙungiyar manoma, an manna kwalayen ƙwai a bango don kada murya ta yi amo. Kafin a kafa rediyon, shi ne mai zagaya unguwanni da lasifika ɗaure a keke. Da rediyo ya zo sai ya ajiye lasifikar, amma bai ajiye keken ba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya karanta sunan mamaci sai ya tabbatar an riga an gaya wa uwa ko mata. In ba a gaya musu ba, sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya hau keke ya je da kansa.

Ni kuwa na dawo daga babban gidan rediyo na birni da takardar shaida da girman kai, aka ba ni shugabancin shirye-shirye. A can an koya mana labari ba ya jira.

"Kawu, aikin rediyo muke yi, ba zumunci ba," na ce masa a gaban ma'aikata.

"To ɗana, su wa ke sauraron rediyon naka?" Ya yi dariya ya ci gaba da goge tabarau.

Wata Talata da hantsi wani mutum daga tashar mota ya kawo takarda. Direba ne ya rasu a hatsari, jana'iza bayan la'asar.

"An gaya wa mahaifiyarsa?" in ji Kawu.

"Ana dai neman wanda zai je."

Kawu ya fara ninke takardar. Na zare ta daga hannunsa, na ce jama'a na buƙatar lokacin shiri. Na shiga na karanta da kaina. Abin da ya fi ba ni kunya har yau, na ji daɗin yadda muryata ta fita.

Da na fito na same shi riƙe da keke. Bai yi mini faɗa ba. "Zo ka raka ni," kawai ya ce.

Muka tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti, rediyo a kan taga yana kan tasharmu. Maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa.

"Yauwa, gara da ka zo," ta ce wa Kawu. "Wani ya faɗi sunan ɗana a rediyo, waɗannan suka shigo mini da kuka. Na ce su yi mini shiru, ba muryarka ba ce. Kai ai ba ka faɗa sai an zo an..."

Sai ta tsaya. Ta dubi keken da ya jingina da bango, ta dubi fuskarsa. Ta ajiye farantin a hankali.

"Ashe zuwan ke nan."

Kawu ya durƙusa ya gaya mata, da ƙaramar murya, kamar yadda ya saba. Bayan an jima ta ɗago jajayen idanu ta nuna ni.

"Wannan fa?"

"Ɗana ne, rakiya ya yi mini."

Har muka bar gidan ban yi mata ta'aziyya ba. Tsoro nake in buɗe baki ta gane muryar.