Bangon da Baba Yake Bi

Idon Baba ya mutu tun ina goyon ɗana na fari, amma bai taɓa yarda a ja shi ba. A zangonmu na Tamale lungu ne ke kai shi masallaci. Da ya fita zaure sai ya ɗora hannun hagu a bango, ya bi katangarmu, ya kama ta mahauci, ya karya kwana wajen rumbun wata tsohuwa Badagomba, sai ga shi a ƙofar masallaci. Hannunsa har ya goge bangon, wurin ya yi santsi. In ana yaɓe bayan damina, maƙwabta sukan bar masa wannan layin yadda yake.

Sai Turawa suka ce unguwar ta cushe, iska ba ta ratsawa. Iska! Mu da muke ciki ba mu kai kuka ba. Aka zo da igiya da turaku, aka rushe gidan mahaucin, aka sare darbejiyar da muke sha inuwa. Hanya ta fito miƙe sambal ta nufi Sagnarigu, ga faɗi, ga motocin kaya, ga kwata mai zurfi hagu da dama. Wanda ya zana ta, na rantse, bai taɓa taka ta da ƙafa ba.

Masallaci ya koma tsallake. Baba ya fita da azahar, hannu ya bi katangarmu har ƙarshenta, sai ya kama iska. Ina wajen tukunyar kokona na hango shi tsaye, yana lalube.

"Baba, bari in kai ka."

"Uwata, koma wajen kokonki," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ni ba mabaraci ba ne."

Maƙwabta suka sa katako a kan kwatar, ya fara koyon hanya da sanda. Ba a jima ba ɗan tankas, mai duba tsabta, ya ɗauke katakon, wai yana tare shara. Ba wanda ya gaya wa Baba. Da la'asar aka tsamo shi daga cikin ruwan ƙazanta, riga ta ɓaci, alwala ta tafi, mata suna kallo. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau ban yafe ba.

Bai yi faɗa ba. Washegari ya miƙo mini takalminsa, ya ce in ba wa ladan, ƙafarsu ɗaya. Daga nan sallarsa ta koma ɗaki, yana jin kiran salla tsallaken hanya, kusa-kusa.

Ya sake ƙetare hanyar sau ɗaya. Ina leƙe daga zaure, maza suka tsaya da makararsa a kafaɗa a bakin kwata, suna jiran mota ta wuce.