Sajan da ya riƙa kulle kakanki

Kin san wanda ya hana kakanki ganin bikin ƙarshen girbi har ya koma ga Allah? Sajan ne. Wannan tsohon da kika gaisar ɗazu a hoto, wai yana da fara'a. Fara'ar me? Ajiye hoton nan ki zauna.

Maƙwabcinmu ne fa, katanga ɗaya. Ɗan sanda, dogo, ga wuya kamar na zalɓe. Matarsa ta rasu da wuri, bai sake aure ba. A tsaye yake cin abinci. Takalminsa kuwa, don sheƙi, kina iya gyara ɗankwali a jikinsa.

Kakanki kafinta ne. Duk rumfunan da ake kafawa a filin bikin nan, da dandamalin mawaƙa, da katakon lilon yara, aikinsa ne. To wata shekara, ina amarya, wani mashayi ya kama min mayafi cikin taro. Kakanki ya ɗauki guntun katako ya sauke masa a kafaɗa. Shi ke nan fa laifin. Mashayin ma ya warke, har ya zo ya ba da haƙuri.

Sajan bai warke ba. Shi dabararsa, idan biki ya zo, sai ya kwashe duk wanda ya taɓa rigima ya kulle, sai an tashi ya sake su. Wai rigakafi. Ɓarayin aljihu, mashaya, masu fasa kwalba, sai ga kakanki a tsakiyarsu.

Kuma kin san muguntar? Ba ya zuwa sai an buga ƙusa ta ƙarshe. Ya tsaya a bakin fili, hannu a baya, yana duba aiki. "Kafinta, wancan ginshiƙin ya karkace." Kakanki ya gyara. Sannan ya biyo shi gida, ya yi sallama kamar baƙon arziki.

"Matar kafinta, ina wuni? A ba shi bargo."

Na ce, "Yallaɓai, mutumin nan ko kaza ba ya iya yankawa."

Ya ce, "Kaza ba ta kama mayafi."

Na zage shi, na roƙe shi, na tura masa dattawa. Wata shekara har na ɓoye kakanki a bayan buhunan ɗakin girki. Sajan ya ja kujera ya zauna a tsakar gida yana goge hula, har kakanki ya yi atishawa. Uwarki ta girma tana hawa lilon da ubanta ya yi, yara na ce mata, "Ina babanki, yana masauki?"

Ana cewa a zamanin Sajan ko allura ba ta ɓata a bikin. Su suka sani. Ni mijina ne ya ɓata.

Da ya yi ritaya na ce alhamdulillahi. Na ɗinka wa kakanki sabuwar riga, muka fita, ni da shi da yara. Muna isa ƙofar fili wani shaƙiyyi ya ɗaga murya, "An sako shi! Ku ɓoye katako!" Aka kwashe da dariya. Kakanki ya tsaya, ya kalli rumfunan, ya juya gida. Bai sake gwadawa ba. Rigar nan a akwati ta tsufa.

Bayan rasuwarsa, biki ya zagayo. Ina tsakar gida ina wanki da hantsi, sai na ji sallama. Sajan ne, ya rankwafa, yana dogara sanda, kansa ya fara juyewa, amma takalmin nan na sheƙi. Shi da ya bi gawar har makabarta!

Na ce, "Ka makara, Yallaɓai. Wanda ya fi ka ya riga ya tafi da shi."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Na ɗaga bokitin ruwan kumfa, wallahi saura kaɗan. Sai ya gyara tsayuwa ya ce:

"Matar kafinta, ki ce ya fito. A ba shi bargo mai kauri, bana akwai sanyi a ciki."